Maraya ne ya kawo wa 'yata maleriya? Zo mu ƙirga kwanakin

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Yayata ta rasu bara, ta bar yaro ɗan shekara 9 a hannun kakarsa a ƙauye. A watan Satumba na roƙi maigida ya bar ni in ɗauko shi in sa shi a makaranta. Ya yarda, ko da yake ba da sakin fuska ba. Ran da aka kawo shi jikinsa da zafi, na kai shi kemis aka yi masa allura aka ba shi ƙwayoyi, ya warware. Kwana 4 da zuwansa 'yata mai wata 14 ta kama zazzaɓi, washegari ta fara jijjiga, muka kwanta asibiti har da ƙarin jini. Likita ya ce maleriya ce mai tsanani. Alhamdu lillahi an sallame mu. To tun a asibiti Hajiyar maigida take cewa yaron ne ya kawo mana ciwon, wai sauro ya ɗebo daga jikinsa ya zuba wa jikarta, tunda ɗaki ɗaya suke kwana. Maigida ya hau kai ya zauna, ya ce in haɗa masa kayansa ƙarshen wata. Yaron ya ji, yanzu ko kusa da ƙanwarsa ba ya zuwa. Gidan sauro muna da shi, amma mun naɗe shi saboda zafi. Anti, gaskiya ce maganar Hajiya? In gaskiya ce zan haƙura in mayar da shi.

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan yayarki, ya ƙara wa 'yarki lafiya. Kada ki haɗa kayan yaron nan. Zazzaɓin da ya kwantar da 'yarki ba daga jikinsa ya fito ba, kuma ba lallashi nake yi miki ba, lissafi ne wanda ke ma za ki iya yi da yatsun hannunki.

Rabin maganar Hajiya gaskiya ne: sauro ne ke ɗaukar maleriya daga wani ya kai wa wani. Inda maganar ta kauce shi ne zaton da mutane da yawa ke yi, cewa sauro tsotsar jinin mara lafiya yake yi ya tashi ya je ya tofa shi a jikin mai lafiya a daren. Ba haka abin yake ba. Jinin da macen sauro ta sha cikinta yake wucewa, ta narkar da shi ta yi ƙwai da shi. Abin da take zuba wa mutum idan ta cije shi yawu ne, kuma hanyar yawun daban take da hanyar da jini ke bi a cikin tsinin bakinta. Kafin ƙwayar maleriya ta tashi daga cikin sauro ta kai ga yawunsa, akwai doguwar tafiya, kuma tafiyar nan ce za ta wanke ɗanki.

Bari mu fara daga jikin mutum. Ƙwayoyin da ke sa zazzaɓi da rawar ɗari, waɗanda ke shiga jajayen ƙwayoyin jini su hayayyafa su fasa su duk bayan kwana 2, ba su da wani amfani a cikin sauro. Idan ya shanye su, narkewa suke yi tare da jinin. Waɗanda ke iya rayuwa a cikinsa wasu 'yan kaɗan ne da suka ware kansu suka zama iri, maza da mata, masana na ce musu gametosait. A nau'in maleriyar da ya fi yawa a wajenmu, wato falsifarom, irin nan yakan ɓuya a cikin ɓargo kwana 10 zuwa 12 yana nuna, sannan ya fito cikin jini da siffar lauje. Ba ya sa ciwo ko kaɗan. Yawo kawai yake yi yana jiran sauro.

Ba kowane sauro ba kuma. Namiji ba ya cizo, ruwan furanni yake sha. Mai yi mana kuka a kunne da magariba, wanda ke tasowa daga kwata da masai, yawanci wani jinsi ne daban da ake kira Kyuleks, kuma maleriyar ɗan Adam ba ta rayuwa a cikinsa. Mai aikin ita ce macen Anofilis. In kin gan ta a jikin bango za ki gane ta, don takan tsaya ne kai ƙasa, gindi a sama. Ba ta cika hayaniya ba, kuma cikin dare ta fi cizo, lokacin da barci ya yi nisa.

To ta ciji mai ɗauke da iri. Da zarar jinin ya bar ɗumin jikin mutum ya faɗa cikin sauro, irin yakan gane ya sauya gida: zafi ya ragu da kamar digiri 5, ga kuma wani sinadari da ke cikin sauron wanda ke tashinsa. Cikin minti 15 ko ƙasa da haka, namijin irin ya ninka abin da ke cikinsa sau 3, ya fashe ya fitar da 'yan zarurruka 8 masu wutsil-wutsil, kowanne yana iyo yana neman mace. Wannan motsin ne wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya gani a ɗigon jinin wani mara lafiya a garin Kustantin na Aljeriya a 1880, ya tabbatar cewa halitta mai rai ce ke kawo zazzaɓin, ba iskar fadama ba kamar yadda ake cewa a lokacin. Wanda ya dace da mace sai su haɗe su zama ƙwaya ɗaya. Cikin awa 18 zuwa 24 ƙwayar ta miƙe ta zama mai rarrafe.

Nan wahalarta take farawa. Sauro yakan naɗe jinin da ya sha da wata 'yar fata a cikinsa, dole mai rarrafen ta huda wannan, sannan ta huda bangon cikin kansa, duk kafin sinadaran narkar da abinci su cinye ta. Sauron ma ba zaune yake ba. Yana da tasa garkuwar jiki: akwai sinadaran da ke manne wa baƙuwar ƙwaya su fasa ta, akwai masu lulluɓe ta da wani baƙin abu har ta mutu a ciki. Ƙananan ƙwayoyin da ke zaune a hanjinsa su ma suna yaƙar ta. Falsifarom tana da wani sinadari a bayanta da ke ɓatar da sawunta daga garkuwar sauron, da shi wasu ke tsira. Duk da haka asarar tana da yawa. Sauro na iya shan iri ɗaruruwa ko dubbai, amma in aka kamo shi a ɗaki aka feɗe, waɗanda suka haye sau da yawa ba su kai 10 ba, wani lokaci 1 ko 2 ne kacal.

Wadda ta haye takan lafe a bayan bangon cikin, ta dunƙule ta zama ɗan ƙullutu. Irin waɗannan ƙullutai ne Ronald Ross, likitan Ingila da ke aiki a Indiya, ya gani a cikin sauro ranar 20 ga Agusta 1897 a Sikandarabad, shi ya sa har yau ake kiran ranar da Ranar Sauro ta Duniya. Ƙullutun nan ba ya motsi. Yana nan yana tsotsar abinci daga jikin sauron, yana kumbura, cikinsa yana rarrabuwa, sama da mako guda. Masu bincike a jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna cewa idan sauron ya sake shan jini a tsakanin nan, ƙullutun yakan fi saurin girma, wato kowane cizo da ta samu ƙarin abinci ne ga abin da take goyo. Idan ya nuna sai ya fashe, dubban 'yan siraran ƙwayoyi su watsu cikin ruwan jikin sauron. Yawancinsu a nan suke hallaka. Kaɗan ne ke kai wa ga jakar yawu da ke wajen ƙirjinsa, su huda su shiga su zauna. Sai a ranar nan ce macen sauron ta zama mai haɗari, kuma daga nan har ta mutu tana iya zuba cutar a duk wanda ta ciza.

Daga shan jini zuwa wannan rana, a yanayin ɗumi irin na daminarmu, kwana 10 zuwa 14 ne. In gari ya yi sanyi tafiyar takan ƙara tsawo, in ya sauka ƙasa da digiri 16 zuwa 18 sai ta tsaya cak.

Saura ɓangaren 'yarki. Ranar da sauro mai ɗauke da cutar ya cije ta, ba jininta ƙwayoyin suka fara zama ba. Hanta suka wuce, suka shiga suka yi kusan mako guda suna hayayyafa a ɓoye, yarinya tana wasanta lafiya lau. Sai bayan nan suka fito cikin jini, sai kuma da suka yi yawa zazzaɓi ya bayyana. Ba a ganin zazzaɓin maleriya ƙasa da kwana 7 bayan cizo, yawanci ma kwana 9 zuwa 14 ne.

Yanzu ki haɗa. A ce ma daren da yaron ya sauka jininsa cike yake da nunannen iri, a ce a daren sauro ya cije shi. Ƙara kwana 10 na cikin sauro, ƙara 7 na cikin hanta: kwana 17 ke nan a mafi gaggawa, a al'ada kuwa mako 3 zuwa 4. 'Yarki ta kwanta a kwana na 4. Ke nan cizon da ya kwantar da ita ya faru tun yaron yana ƙauye wajen kakarsa, aƙalla kwana 3 kafin ya tako gidanku. Sauron da ya yi cizon kuwa ya ɗebo cutar tun kwana 10 ko fiye kafin haka, daga jikin wani da ke gidanku ko maƙwabtanku. Ko da wani zai ce ai ƙila sauro ya biyo shi a cikin jakar kaya daga ƙauye, kwana 7 na hanta suna nan daram, babu yadda za a matse su su koma 4. Abin da ya faru shi ne watan Satumba ne, ganiyar maleriya a ƙasar Hausa, yara biyu suka kamu a wurare biyu kusan lokaci ɗaya. An bar jaki ana dukan taiki.

Za ki tambaye ni, to jinin wa sauron ya sha? Ba mai iya nuna mutum ɗaya. Amma ki sani, a inda maleriya ta zauna da gindinta, mutane da yawa suna yawo da ita a jini ba tare da ko ciwon kai ba, domin jikinsu ya saba yaƙar ta tun suna yara. Binciken da aka yi a Burkina Faso da Yuganda, inda ake ba sauro jinin mutanen gari sannan a feɗe shi a duba, ya nuna cewa mafi yawan saurayen da ke kamuwa daga masu lafiya a ido suke ɗauka, ba daga waɗanda ke kwance ba. A jikin irin waɗannan mutane ne cutar ke cin rani ma. Sauro ba ya gadon maleriya daga uwarsa, kowanne da tsabtarsa yake fitowa daga ruwa. Idan damina ta dawo, a jikinmu sabon sauro ke tarar da ita. Ke kanki kina iya zama mai ɗauke da ita, maigida yana iya zama, Hajiya ma haka, mai shagon bakin layi ma haka. Wannan ki riƙe a ranki don ki samu natsuwa. Ban ba ki shi don ki je ki ce wa Hajiya ƙila ita ce ba. Ranar da kika faɗi haka kin rasa shari'ar, ko da gaskiyarki.

Akwai inda ba zan rufe ki ba. Yaro ɗan makaranta da bai jima da tashi daga maleriya ba yana iya ɗauke da iri a jininsa na wasu makonni, kuma binciken da na ambata ya nuna yara masu irin shekarunsa suna cikin waɗanda sauro ya fi ɗiba daga gare su, don sun fi kwana a waje da gidan sauro, kuma ba a cika kai su asibiti ba. A Kenya ma an gwada an ga sauro ya fi bin warin yaran da ke ɗauke da irin. Don haka abin da bai faru ba a Satumba yana iya faruwa nan gaba idan aka zauna haka. Maganinsa ba kora ba ce, domin in kin mayar da shi ƙauye, sauran masu ɗauke da ita a unguwarku suna nan. Maganinsa a tabbatar ya warke sarai, kuma a hana sauro kai wa gare shi.

Allurar kemis da ƙwayoyin da aka ƙulla miki a leda ba su kwanta mini ba. Ba ki faɗi an gwada jininsa ba, ba ki faɗi sunan maganin ba. Ki kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a duba shi, ki gaya musu ranar da ya yi zazzaɓi da abin da aka ba shi. Wannan bayanin yana da muhimmanci, saboda ɗan gwajin nan na tsinken roba da ake ɗiga wa jini yakan ci gaba da nuna akwai cuta har makonni bayan an warke, wani lokaci sai an duba a madubin likita. In suka ce akwai, maganin da hukuma ta amince da shi shi ne haɗin nan mai atemisinin, wanda aka fi sani da Coartem da 'yan'uwansa: sha 6 cikin kwana 3, tare da madara ko abinci mai ɗan maiƙo don ya shiga jiki da kyau. A shanye duka ko da jiki ya yi sanyi tun rana ta farko. Maganin yana kashe masu sa zazzaɓi da ɗanyen iri, amma nunannen iri yakan ɗan jima kafin ya ƙare, shi ya sa gidan sauro ya zama dole gare shi a makonnin nan.

Maganar gidan sauron da kuka naɗe, ba zan yi miki faɗa ba, duk wanda ya kwana a ɗakin kwano ba wuta ya san abin da kike nufi. Sai dai ina so ki ga abin da yake yi wanda ya wuce tare cizo. Ki tuna ƙwayar tana buƙatar kwana 10 zuwa 14 a cikin sauro. Macen sauro kuwa a waje ba ta cika wuce mako 1 zuwa 2 a raye ba: gizo-gizo, tsaka, jemage, zafin rana, tafin hannun mutum. Yawancinsu suna mutuwa da cutar a ciki ba ta kai ga yawu ba. Shi ya sa in aka kamo sauro 100 a ɗakunan kwana aka duba, 'yan kaɗan ne ake samu da ita a yawu. Tsofaffin sauro ne ke kashe mana yara. Kuma kafin ta tsufa, duk bayan kwana 2 ko 3 sai ta dawo neman jini don ta yi sabon ƙwai, ke nan sai ta zo bakin gadonku sau 3 ko 4 kafin ta zama haɗari. In kowane zuwa tana sauka a kan gidan sauro mai magani, da wuya ta kai kwana 10. Wani masani ɗan Birtaniya, George Macdonald, ya yi wannan lissafin tun shekarun 1950, ya nuna rage wa sauro kwana ya fi rage yawansa tasiri nesa ba kusa ba. Gidan sauron da ɗanki zai kwana a ciki, ke nan, 'yarki ma yake karewa, har da 'ya'yan maƙwabta.

Ki ware masa nasa, ke da yarinya naku. In sabo ne, ki shanya shi a inuwa kwana guda kafin a ɗaura, hakan na rage ƙaiƙayi da yajin fuskar da mutane ke kuka da shi. A cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma, a ɗinke duk inda ya huje, a wanke da sabulu mara ƙarfi, kada a shanya a rana. In zafi ya kore ku tsakar gida, a kafa ƙusa a ja igiya a fita da shi. Fiya-fiyar da ake sayarwa a kwalba kuwa ki nisanta ta da ɗakin da yara ke kwana, guba ce ta gona, ta sha kashe mutane. Sannan ki leƙa bayan gida. Anofilis ba ruwan kwata take so ba, ta fi son ɗan ruwan sama mai haske da rana ke duka: ramin da aka haƙa don bulo, sawun taya, sawun kofato, kududdufin da ya fara ja baya. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne, duk ramin da ya riƙe ruwa mako guda ya isa. Wanda za ki iya cikewa da ƙasa ki cike. Randa da durom da tankin ruwa a rufe su, musamman yanzu da aka gano wani baƙon Anofilis ɗan asalin Asiya a jihar Gombe a 2020, wanda shi a ruwan tanki na cikin gari yake hayayyafa.

Kada kuma ki ɗora wa kanki cewa sakacinki ne kaɗai. A Garki, da ke jihar Jigawa a yanzu, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi wani babban aiki daga 1969 zuwa 1976, aka yi ta feshin ɗakuna ana raba magani ƙauye-ƙauye. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, da aka daina kuma ta dawo. Ɗaya daga dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya hutawa a bangon ɗaki, waje yake fita. Abin da hukumomi da kuɗinsu suka kasa kawarwa, ba a kan uwa ɗaya ko maraya ɗaya za a sauke shi ba. A ƙididdigar 2023, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke.

Yanzu ga mai wuyar, wato maigida da Hajiya. Kada ki ɗauki wayarki ki je ki karanta masa wannan amsa a gaban mahaifiyarsa. Namiji da wuya ya bar maganar uwarsa ya kama ta matarsa a bainar jama'a, ko da ya gane. Ki tuna kuma Hajiya ta ga jikarta tana jijjiga, idanu sun juye. Wanda ya ga haka dole ya nemi abin da zai kama, kuma baƙon da ya zo da zazzaɓi shi ne mafi kusa da hannu. Tsoro ne ya yi magana, ki ɗauke shi a haka har sai kin ga akasinsa.

Ranar komawa asibiti ki roƙi maigida ya raka ku. A gabansa ki tambayi likita ko nas, da ladabi, kamar ke ma ba ki sani ba: "Likita, daga cizon sauro zuwa zazzaɓi kwana nawa ne? Yaron da ya zo kwana 4 kafin ciwon zai iya zama sanadi?" Ki bar amsar ta fito daga bakin mai farar riga. Daga nan shi zai san yadda zai gaya wa Hajiya da bakinsa, a lokacin da ya ga ya dace, ba tare da kowa ya ji kunya ba. In akwai wani babba da take jin maganarsa, ƙaninta ko limamin unguwa, shi ya fi dacewa ya tuna mata matsayin mai riƙon maraya a wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Daga bakinki zai zama gori.

Akwai kalma guda a wasiƙarki da na tsaya a kanta: kin ce ya yarda ba da sakin fuska ba. Ina zargin sauro ya zo ne ya tarar da magana a ƙasa. Ƙarin baki a gida a wannan tsadar, kuɗin makaranta, ga kuɗin asibiti da jini da ya biya bai shirya ba. In haka ne, ko likita 10 suka wanke yaron, gobe wani dalili zai fito. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance, ku biyu, ki tambaye shi kai tsaye abin da ya fi yi masa nauyi game da zaman yaron. Ki zo da abin da za ki iya: dangin mahaifin yaron su ɗauki kuɗin makaranta, 'yan'uwanki su riƙa taimakawa da hatsi in an yi girbi, ke ki ɗauki sutura daga sana'arki in kina da ita. In ya ga ba shi kaɗai aka bar wa kayan ba, ƙarshen watan nan zai iya wucewa ba a sake tayar da zancen ba. In kuma bayan duk wannan ya tsaya a kan bakansa, gidansa ne, ba zan ce ki kashe aurenki ba. Amma a lokacin sai a nema wa yaron wurin wani ɗan'uwa inda zai ci gaba da karatu, kuma a faɗi dalilin gaskiya, kada a sallame shi da sunan shi ya kusa kashe ƙanwarsa.

Shi yaron kada ki jira sai manya sun shirya. Yau ki zaunar da shi. Ɗan shekara 9 da ya rasa uwa, aka kawo shi baƙon wuri, ya ji ana cewa shi ya jawo, ba zai zo ya gaya miki abin da ke ransa ba, sai dai ki ga ya daina cin abinci sosai ko ya koma fitsarin kwance. Ki ɗebo tsakuwa ko wake ku ƙirga tare: ga 10 na cikin sauro, ga 7 na cikin hanta, ga 4 na zuwanka. Ki bar shi ya gano da kansa wanne ya fi yawa. Sannan ki miƙa masa ƙanwarsa ya ɗauka, ki ba shi aikin cusa gefen gidan sauronta kowane dare.

Ita kuma 'yarki, watannin farko bayan ƙarin jini lokaci ne na sa ido, domin yaran da aka sallama bayan irin wannan ciwo sun fi saurin komawa. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba su maganin kariya na wasu watanni bayan sallama, ki tambaya ko asibitinku suna bayarwa. Idan damina ta zagayo, masu bi gida-gida da maganin kariya na wata-wata ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 za su ƙwanƙwasa, ki karɓa, ki kuma ba ta na rana ta 2 da ta 3 da suke bar miki, don nan ne iyaye da yawa ke sakaci. Allurar rigakafin maleriya ta fara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, ki tambaya a wurin rigakafi ko ta iso jiharku da kuma ko shekarunta sun dace. In kin samu ciki, ki fara awo da wuri don a ba ki naki maganin kariyar. Duk ranar da jikinta ya yi zafi, a gwada jini a ranar, kada a kwana. In kuwa kika ga ta ƙi nono da ruwa, ko tana amai da duk abin da ta sha, ko barci ya yi mata nauyi ba ta farkawa sosai, ko tafin hannunta ya yi fari, ko numfashi yana fita da ƙyar, to babban asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne, ba kemis ba.